Auren jinsi da zaɓen Amurka: mene ne ainihin abin da ya raba Democrat da Republican?

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: "Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka sai in riƙa ganin saƙonni a WhatsApp da Facebook cewa jam'iyyar Democrat ce ke goyon bayan 'yan luwaɗi, ita kuwa Republican idan ta ci za ta soke auren jinsi. To ga shi Trump ya dawo mulki, jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a majalisun biyu, amma ban ji an soke komai ba. Mece ce gaskiyar rikicin jam'iyyun nan biyu a kan waɗannan dokoki, kuma shin batun zai yi tasiri a zaɓen rabin wa'adi na watan Nuwamban 2026?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko gaskiya ne jam'iyyun biyu sun rabu tsaf a kan wannan batu, da dalilin da ya sa Republican ba ta soke auren jinsi ba alhali mulki na hannunta, sannan ko maganar za ta iya sauya sakamakon zaɓen da za a yi ranar 3 ga Nuwamba, 2026. Zan amsa maka ne a matsayina na mai koyar da siyasar Amurka da tsarin mulkinta. Hukuncin addini a kan al'amarin na malamansa ne, kuma ba shi ka tambaya ba.

Saƙonnin da kake gani ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin a yau kusan dukkan 'yan majalisar Democrat suna goyon bayan dokokin da ke kare 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, masu adawa da dokokin kuma kusan duk a Republican suke. Abin da saƙonnin ba sa faɗa shi ne wannan rabuwa ba daɗaɗɗiya ba ce, kuma ikon yanke hukunci a kan aure a Amurka a warwatse yake tsakanin Kotun Ƙoli da majalisar tarayya da jihohi hamsin, ta yadda cin zaɓe guda ba ya bai wa kowace jam'iyya damar rusa abin da ta tarar.

Yadda aka zo nan

Idan na zo wannan darasi a aji, nakan miƙa wa ɗalibai jerin sunayen waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a kan dokoki biyu, ɗaya ta 1996 ɗaya ta 2022, in ce su nemo sunan da ya fito a labarin duka biyun. Ta farkon ita ce Dokar Kare Aure, wadda ta ce a idon gwamnatin tarayya aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya, kuma babu jihar da za a tilasta wa amincewa da auren jinsin da aka ɗaura a wata jihar. Abin da ya jawo ta shi ne wani hukunci na kotun ƙolin jihar Hawaii a 1993, wanda ya sa 'yan siyasa suka ji tsoron cewa jihar za ta halatta irin wannan aure, sauran jihohi kuma su wayi gari dole su karɓa. Dokar ta wuce a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 342 da 67, a Majalisar Dattawa kuma da 85 da 14. Shugaban da ya rattaba mata hannu Bill Clinton ne, ɗan Democrat, makonni kaɗan kafin zaɓen tazarcensa. Cikin sanatocin da suka ce e akwai Joe Biden, wanda shekara 26 bayan haka shi ne ya sa hannu a dokar da ta soke ta. Ɗalibai kan yi mamakin wannan, amma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa a 1996 ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta nuna kashi 27 cikin ɗari kacal na Amurkawa ne ke goyon bayan halatta auren jinsi. Ɗan siyasa yana bin inda ƙuri'a take.

Shekarar 2003 ce ta mayar da batun makamin zaɓe na sosai. A watan Yuni Kotun Ƙoli ta soke dokokin jihohin da ke hukunta luwaɗi tsakanin manya a cikin gidajensu, a wata shari'a da ta taso daga Teksas. A watan Nuwamba kuma kotun ƙolin jihar Massachusetts ta ce hana masu jinsi ɗaya aure ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, aka fara ɗaura auren a watan Mayun 2004, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe tsakanin George W. Bush da John Kerry. Bush ya fito ya goyi bayan a yi wa kundin tsarin mulkin ƙasa gyara domin haramta auren. Gyaran bai kai ko'ina ba a majalisa, a 2004 da kuma 2006, domin gyara kundin Amurka yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar jihohi 38. Amma a ranar zaɓen shugaban ƙasa jihohi 11 sun haɗa da ƙuri'ar raba gardama a kan haramta auren, kuma duka sha ɗayan sun amince. Ohio na cikinsu, kuma ita ce jihar da ta ba Bush nasara, da tazarar ƙuri'a kimanin dubu 118. Har yau masana siyasa suna muhawara a kan ko ƙuri'ar raba gardamar ce ta fito da ƙarin masu zuwa coci suka zaɓi Bush, ko kuwa batun tsaro da yaƙin Iraƙi ne suka yi aiki. Ni dai ina ganin tasirin nata ƙarami ne idan aka kwatanta da yadda aka yayata shi, amma darasin da 'yan siyasar lokacin suka ɗauka shi ne batun yana kawo wa Republican ƙuri'a, kuma 'yan Democrat suka ci gaba da kaffa-kaffa da shi.

Shi ya sa a 2008 Barack Obama ya yi kamfe yana cewa a ganinsa aure tsakanin namiji ne da mace, ko da yake yana goyon bayan a bai wa masu jinsi ɗaya wata rajista ta zaman tare. A ranar da ya lashe jihar Kalifoniya da gagarumin rinjaye, a ranar ce masu zaɓen jihar suka amince da haramta auren jinsi da kimanin kashi 52 cikin ɗari. Sai a watan Mayun 2012 ya sauya matsayi a bainar jama'a, kwanaki kaɗan bayan mataimakinsa Biden ya riga shi faɗa a wata hira ta talabijin, kuma a lokacin masu goyon bayan auren a cikin jama'a sun riga sun kai kimanin rabi. A zaɓen wannan shekarar jihohin Maine da Maryland da Washington suka halatta auren ta hanyar ƙuri'ar jama'a, karo na farko da hakan ta faru.

Sauran aikin kotu ce ta ƙarasa shi. Wata dattijuwa mai suna Edith Windsor ta yi aure da abokiyar zamanta a Kanada a 2007, da abokiyar ta rasu a 2009 ta bar mata dukiya sai gwamnatin tarayya ta caje ta harajin gado na dala dubu 363 da 'yan kai, kuɗin da ba za a karɓa daga matar da mijinta ya mutu ba. Ta kai ƙara, kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar 1996 da ya hana gwamnatin tarayya amincewa da irin wannan aure. Ranar 26 ga Yuni, 2015, a shari'ar Obergefell, alƙalai biyar cikin tara suka ce kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace jiha ɗaura auren jinsi da amincewa da shi. Wanda ya rubuta hukuncin, Anthony Kennedy, Ronald Reagan ne ya naɗa shi, wato shugaban da 'yan Republican suke ɗauka a matsayin gwarzonsu.

Dalilin da ya sa ba a soke shi ba

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Auren jinsi a Amurka ya tsaya ne a kan fassarar da Kotun Ƙoli ta yi wa kundin tsarin mulki, don haka shugaban ƙasa ba zai iya soke shi da umarni ba, majalisa ma ba za ta iya da doka ta yau da kullum ba. Hanya biyu ce kawai, ko dai a gyara kundin, wanda na riga na nuna maka wuyarsa, ko kuma kotun da kanta ta warware hukuncinta.

Hanya ta biyun ba tatsuniya ba ce. A ranar 24 ga Yuni, 2022, kotun ta warware hukuncin da ya bai wa matan Amurka 'yancin zubar da ciki tun 1973, kuma a cikin nasa sharhin Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta ƙarara cewa ya kamata a sake duba wasu hukunce-hukuncen da aka gina a kan irin wannan tushe, ya ambaci Obergefell da suna. Babu alƙalin da ya sa hannu tare da shi a wannan sharhi, kuma hukuncin masu rinjaye ya ce maganar zubar da ciki kaɗai ake yi. Duk da haka hankalin masu goyon bayan auren ya tashi, kuma suna da dalili: cikin alƙalai biyar da suka yanke hukuncin 2015, biyu ne kawai suka rage a kotun, Sonia Sotomayor da Elena Kagan, alhali uku daga cikin huɗun da suka ƙi amincewa suna nan, kuma shida cikin tara na alƙalan yanzu shugabannin Republican ne suka naɗa su.

Wannan fargaba ce ta haifi Dokar Mutunta Aure ta 2022, kuma yadda aka bi da ita ya fi kowane bayani nuna maka dangantakar batun da zaɓe. A watan Yuli ta wuce a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 267 da 157, 'yan Republican 47 suka mara mata baya, abin da ya ba har masu ƙudirin mamaki. A Majalisar Dattawa kuwa akwai ƙa'idar da ta ce ba a rufe muhawara a kan yawancin ƙudirori sai da ƙuri'a 60 cikin 100, kuma Democrat na da 50 ne a lokacin, ke nan tana buƙatar 'yan Republican goma. Zaɓen rabin wa'adi yana tafe a watan Nuwamba. Wasu 'yan Democrat suka so a kaɗa ƙuri'ar kafin zaɓe, domin ko ƙudirin ya faɗi sun samu abin yin kamfe da shi a kan abokan hamayya. Amma sanatocin da ke jan ragamarsa, Tammy Baldwin da Kyrsten Sinema daga ɓangaren Democrat, da Susan Collins da Rob Portman da Thom Tillis daga Republican, suka nemi a jinkirta har bayan zaɓe, saboda sun san akwai abokan aikinsu da za su ce e idan ba a sa su gaba da masu zaɓe ba. Haka aka yi. Suka ƙara wani sashe da ya ce ba za a tilasta wa coci ko masallaci ko wata ƙungiyar addini ɗaura auren ko ba da wurin bikinsa ba, har cocin Mormon, wadda ba ta yarda da auren jinsi a koyarwarta ba, ta goyi bayan ƙudirin a wannan siga. Ranar 29 ga Nuwamba ya wuce da 61 da 36, da ƙuri'un 'yan Republican 12, Biden kuma ya sa hannu ranar 13 ga Disamba. Portman da kansa yana cikin waɗanda suka goyi bayan dokar 1996, ya sauya ra'ayi a 2013 bayan ɗansa ya shaida masa cewa shi ɗan luwaɗi ne.

Yana da kyau ka san iyakar wannan doka, domin ana yawan zuzuta ta. Ba ta tilasta wa kowace jiha ɗaura auren jinsi ba. Abin da ta ce shi ne gwamnatin tarayya za ta amince da duk auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida, kuma dole kowace jiha ta amince da wanda aka ɗaura a wata jihar. Ke nan idan wata rana kotu ta warware hukuncin 2015, tsofaffin dokokin haramci da har yanzu suke rubuce a fiye da rabin jihohin za su iya farfaɗowa, amma mutum zai iya tsallakawa maƙwabciyar jiha ya ɗaura ya dawo da takardarsa.

Akwai masu son a kai ga warware hukuncin, kuma ba a ɓoye suke ba. Majalisar wakilan jihar Idaho ta zartar da ƙudirin roƙon kotu ta yi hakan a farkon 2025, babban taron cocin Baptis na Kudu ma ya yi irin wannan kira a watan Yunin shekarar. Amma da Kim Davis, akawun wata ƙaramar hukuma a Kentucky da aka tsare kwana biyar a 2015 saboda ta ƙi ba da takardar shaidar auren jinsi, ta nemi Kotun Ƙoli ta sake duba Obergefell, kotun ta ƙi sauraren ƙarar a watan Nuwamban 2025. Shugabannin Republican ma ba su nuna sha'awar sake buɗe wannan yaƙi ba. Manufofin jam'iyyar na 2016 sun yi tir da hukuncin Obergefell a fili, na 2024 kuwa sun cire wannan magana, kuma sakataren baitulmalin da Trump ya naɗa, Scott Bessent, mutum ne da ke da auren jinsi. Dalilin a bayyane yake: goyon bayan jama'a ya kai kashi 71 a 2022 a ƙididdigar Gallup, kuma ko da ya ɗan sauka zuwa 68 a 2025, jam'iyyar da ke neman rinjaye ba za ta so ta tsaya gaban wannan adadi ba. Sai dai a cikin 'yan Republican kansu goyon bayan ya faɗo daga kashi 55 zuwa 41 a tsakanin waɗannan shekaru, kuma wannan alama ce da bai kamata a yi watsi da ita ba.

Inda rikicin ya koma

Da maganar aure ta lafa, gardamar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Babban burin Democrat a majalisa shi ne Dokar Daidaito, wadda za ta shigar da 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu sauya jinsi cikin dokokin hana wariya na ƙasa, a wajen haya da makarantu da shaguna da sauransu. Ta wuce a Majalisar Wakilai a 2019 da kuma 2021, a karo na biyun da ƙuri'a 224 da 206 kuma 'yan Republican uku kawai suka goya mata baya, sannan ta maƙale a Majalisar Dattawa saboda ƙa'idar ƙuri'a 60. Hujjar masu goyon bayanta ita ce a jihohi da dama har yanzu babu dokar jiha da ta hana a kori mutum daga shago ko a ƙi yi masa hidima saboda wannan dalili. Hujjar masu adawa kuma ita ce ƙudirin ya rage kariyar da wata dokar 'yancin addini ta 1993 ta bayar, don haka zai matsa wa makarantun addini da ƙungiyoyin agaji na coci. Ɓangaren aiki kaɗai ne kotu ta riga ta warware, a shari'ar Bostock ta 2020, inda ta ce dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana korar ma'aikaci saboda shi ɗan luwaɗi ne ko mai sauya jinsi. Wanda ya rubuta wannan hukunci Neil Gorsuch ne, alƙalin da Trump ya naɗa.

A gefe guda kuma kotun ta riƙa ba masu hujjar addini gaskiya. Mai gasa kek na jihar Colorado da ya ƙi yin kek ɗin bikin auren jinsi ya yi nasara a 2018, ko da yake a kan ƙunƙuntacciyar hujja, cewa hukumar jihar ta nuna ƙiyayya ga addininsa wajen sauraren ƙarar. A 2023 wata mai tsara shafukan intanet a jihar ta yi nasara a kan hujjar cewa ba za a tilasta mata furta saƙon da ba ta yarda da shi ba.

Makarantu ne suka fi zafi, kuma a nan ne Musulmin Amurka suka shigo cikin maganar kai tsaye. A 2022 gwamnan Fulorida, Ron DeSantis, ya sa hannu a dokar da ta hana koyar da batun jinsi da sha'awa a ƙananan azuzuwa, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa manya. A ƙaramar hukumar Montgomery ta jihar Maryland kuwa, wadda 'yan Democrat ke da rinjaye a cikinta, hukumar makarantu ta shigo da littattafan labarai masu ɗauke da iyalan masu jinsi ɗaya a azuzuwan firamare, da farko ta bar iyaye su cire 'ya'yansu daga darasin, sannan a 2023 ta janye wannan dama. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗu suka kai ƙara, sunan wani uba Musulmi, Mahmoud, shi ne a kan shari'ar, kuma a watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta goyi bayansu da alƙalai shida da uku. A garin Hamtramck na jihar Michigan, inda a lokacin dukkan 'yan majalisar gari Musulmi ne, an hana kafa tutar masu fafutukar 'yan luwaɗi a kan kadarorin gwamnati a 2023, magajin garin na lokacin, Amer Ghalib, kuma ya fito ya goyi bayan Trump a 2024. Trump ya zo na ɗaya a garin Dearborn mai yawan Larabawa, wanda ba shi da nisa da Hamtramck, amma zai zama kuskure a jingina wannan ga batun makarantu kaɗai, domin fushin yaƙin Gaza shi ne kan gaba a can. Abin da nake ja wa ɗalibai hankali a kai shi ne waɗannan al'ummomi suna tare da Democrat a kan shige da fice da ƙyamar Musulmi, suna tare da Republican a kan tarbiyyar yara, kuma babu jam'iyyar da ta ɗauke musu duka biyun.

Batun masu sauya jinsi shi ne ya mamaye fagen a 'yan shekarun nan, kuma ya bambanta da na aure domin a nan ra'ayin jama'a ya fi karkata ga Republican a wasu sassa, musamman shigar waɗanda aka haifa maza wasannin mata da kuma ba ƙananan yara magungunan sauya jinsi. Trump ya sa hannu a ranar farko ta dawowarsa, 20 ga Janairun 2025, a umarnin da ya ce gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani, kuma a watan Yuni Kotun Ƙoli ta amince da dokar jihar Tennessee da ta haramta irin waɗannan magunguna ga yara. Saboda haka idan ka ji ana cewa Republican ta yi nasara a kan wannan batu, galibi wannan ɓangaren ake nufi.

To, zaɓen 2026 fa?

A zaɓen za a fafata a kan dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kimanin kashi ɗaya cikin uku na Majalisar Dattawa, da gwamnonin jihohi da dama. A tarihi jam'iyyar shugaba mai ci takan yi asarar kujerun wakilai a irin wannan zaɓe, in ban da 1998 da 2002 tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma abin da ke jan akalar mafi yawan masu zaɓe shi ne tsadar rayuwa da aikin yi da shige da fice da yadda suke kallon shugaban. Idan aka tambayi Amurkawa babbar matsalar ƙasarsu, 'yan kaɗan ne ke ambaton wannan batu. Amma ƙarancin masu ambatonsa ba ya nufin ba shi da aiki, domin aikinsa a wasu wurare ne na musamman.

Ya fi aiki a zaɓen fidda gwani. Yawancin mazaɓun Majalisar Wakilai an shata su ne ta yadda jam'iyya ɗaya ce ke ci kullum, don haka abin da ɗan majalisa ke tsoro shi ne ɗan jam'iyyarsa da zai ƙalubalance shi, kuma masu fitowa zaɓen fidda gwani su ne masu zafin ra'ayi. Fararen fata Kiristoci 'yan Ibanjelika, waɗanda kusan takwas cikin goma nasu suka zaɓi Trump, su ne ƙashin bayan Republican a jihohi da yawa, kamar yadda ƙungiyoyin fafutuka da masu ba da gudummawar kuɗi suke da ƙarfin murya a cikin Democrat. Wannan ne ya sa 'yan majalisa suka fi jama'ar da suke wakilta rabuwa a kan batun. Yana kuma aiki wajen tara kuɗin kamfe da zaburar da magoya baya su fito, wanda a zaɓen rabin wa'adi, da fitowar jama'a kan ragu, ba ƙaramin abu ba ne.

A babban zaɓe kuwa makami ne mai kaifi biyu. A 2016 gwamnan North Carolina, Pat McCrory na Republican, ya sa hannu a dokar da ta ce a gine-ginen gwamnati kowa ya shiga banɗakin jinsin da ke kan takardar haihuwarsa. Kamfanoni da masu shirya wasanni suka ƙaurace wa jihar, kuma ya faɗi zaɓe da tazarar ƙuri'a kimanin dubu goma a ranar da Trump ya lashe jihar. A 2024 abin ya juya, kamfen ɗin Trump ya kashe miliyoyin daloli a kan tallan talabijin da ke nuna Kamala Harris ta fi damuwa da masu sauya jinsi a kan talakan Amurka, kuma 'yan Democrat da dama sun amince daga baya cewa tallan ya yi musu illa, musamman da ba su mayar da martani ba. A 2025 kuma 'yar takarar gwamna ta Republican a Virginia ta dogara sosai da irin wannan talla, amma Abigail Spanberger ta Democrat, wadda ta tsaya a kan tsadar rayuwa, ta kayar da ita da tazara mai yawa. Abin da na fahimta daga waɗannan misalai shi ne masu zaɓen da ke tsakiya sukan hukunta duk jam'iyyar da suka ga ta fi mayar da hankali a kan batun fiye da matsalar aljihunsu, ko wacce ce.

Ga mu a nan Afirka, bambancin jam'iyyun yakan bayyana ne a manufofin waje. Gwamnatin Obama ta soki dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, gwamnatin Biden kuma ta cire Yuganda daga tsarin rangwamen kasuwanci na AGOA bayan dokarta ta 2023 da ta tsananta hukunci a kan luwaɗi. Gwamnatocin Republican ba sa sa wannan batu a gaba. Sai dai manufofin waje a hannun shugaban ƙasa suke, kuma ba kujerarsa ake nema a 2026 ba.

Ba zan iya faɗa maka wanda zai ci ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani tun yanzu hasashe yake yi. Abin da zan iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne ko wace jam'iyya ta yi rinjaye, da wuya ta samu ƙuri'a 60 a Majalisar Dattawa, saboda haka Dokar Daidaito ba za ta wuce ba, Dokar Mutunta Aure ma ba za a soke ta ba. Inda sakamakon zai yi tasiri na gaske shi ne majalisun jihohi, waɗanda ke rubuta dokokin makarantu da asibitoci, da kuma Majalisar Dattawa, domin ita ce ke tabbatar da alƙalai, kuma tun 2017 rinjaye mai sauƙi ya isa a tabbatar da alƙalin Kotun Ƙoli. A yanzu Republican na da kujeru 53 a can. Kujerar Susan Collins ta Maine na cikin waɗanda za a fafata a kai, haka ma ta North Carolina, inda Thom Tillis ya sanar cewa ba zai sake tsayawa ba, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka jagoranci dokar 2022. Idan kana son bin zaɓen ta fuskar tambayarka, waɗannan kujeru biyu su ne na farko da ya kamata ka sa wa ido.